Mai Askin da Ba a Yi wa Musu

Ina tsaye gaban teburin guga, na shimfiɗa wuyan rigar wani direba, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Matar Alƙali ce. Ba ta saba kirana da sassafe ba, saboda haka tun kafin ta buɗe baki na jingine dutsen gugar. Ta gaishe ni kamar kullum, har ta tambayi yara. Sannan ta ɗan dakata, ta ce, "Mai guga, abokinka ya yi shiru."

Na ce mata wane irin shiru kuma, mutumin da muka rabu jiya da yamma a bakin layinsu yana takawa da ƙafarsa. Ta ce ya tashi lafiya lau, ya yi salla, ya zauna a tsakar gida ta kawo masa shayi. Ya kurɓa, ya shaida mata cewa shekara da shekaru tana dafa shayi amma har yau ba ta san lokacin da ake sauke shi ba. Ta juya za ta ɗauko masa sukari tana jiran sauran bayanin, don shi bayaninsa ba ya ƙarewa a numfashi ɗaya. Ba ta ji komai ba. Da ta waiwayo ta same shi ya jingina da bango, kofin yana hannunsa, ko ɗigo bai zube ba.

Na zauna a kan ƙullin kayan mutane ina ta maimaita innalillahi. Tsakanin shagona da nasa katako ne kawai, bai kai kaurin tafin hannu ba. Tun muna da baƙin gashi nake jin muryarsa ta cikin katakon nan, daga buɗe shago har rufewa, har na daina lura da ita yadda mai gida kusa da titi yake daina jin motoci. Ranar ce na fara jin yadda shagona yake in babu ita.

Shi ba alƙali ba ne, ko ƙofar kotu bai taɓa takawa ba. Mai aski ne. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, domin bai iya faɗin ra'ayi ba, sai dai ya yanke hukunci. Mutane suna cewa "ina ganin", suna cewa "wataƙila", shi kuwa waɗannan kalmomi ba sa cikin akwatin kayan aikinsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da murya irin ta wanda ya saba magana da mutum daga bayansa. In zai yanke hukunci sai ya ɗaga buroshin kumfa sama, ya karkatar da kai, ya lumshe ido ɗaya. Da ka ga buroshi ya tashi ka san an wuce wurin shawara.

Babu abin da ya fi ƙarfin hukuncinsa. Ya yanke cewa kifi ba ya barci. Ya yanke cewa sanƙo yana kama mai yawan tunanin abin da bai shafe shi ba, kuma yana faɗin haka ne yana shafa hoda a kan mai sanƙon. Bai taɓa zama ya kalli ƙwallo ba, amma kowace ƙungiya aka ci ya san dalili. Babban iliminsa kuwa shi ne ƙeya. Ya ce fuska maƙaryaciya ce, mutum yana horar da ita a gaban madubi, amma ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa balle ya koya mata ƙarya. Ta ƙeya yake gane mai rowa, da mai gaskiya, da wanda matarsa ta fi ƙarfinsa.

Wata rana hadari ya haɗu baƙi ƙirin, na fito da gudu zan kwashe shanya. Ya leƙo da almakashi a hannu ya ce in bar kayana, wannan hadarin wucewa zai yi, ya san irinsa. Na bari. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na je ƙofarsa jiƙe sharkaf da wandunan mutane a kafaɗa, na tsaya ina kallonsa kawai. Ko gezau bai yi ba. Ya ce hadarin da ya yi magana a kansa ya wuce kamar yadda ya faɗa, wannan wani ne daban ya biyo bayansa, kuma ban tambaye shi game da na biyun ba.

Wanda bai taɓa zama a kujerarsa ba zai yi mamakin yadda mutum zai shekara yana irin wannan magana ba a taka masa burki ba. Dalilin yana cikin yadda yake aiki. Alƙali da aska yake aski, irin mai naɗewa, wadda ake wasawa a jikin fata. Zai ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya ɗora maka tawul mai zafi har ka ji jikinka ya mutu, ya shafa maka kumfa har ƙarƙashin hanci. Duk wannan lokacin gaisuwa ce kawai da tambayar iyali. Sai ya tura goshinka baya da yatsa biyu, ya ɗora askar a maƙogwaronka, a nan ne zai buɗe shari'ar ranar. Mutumin da kumfa ta rufe masa baki, ƙarfe mai kaifi yana tafiya a wuyansa, ba shi da abin cewa sai "uhm". Masu jiran layi a benci su ma sun san yanzun nan za a zo kansu, sai su ma su ce "uhm".

Shi kuwa bai taɓa kawo wa ransa cewa askar ce ke magana ba. Tsakaninsa da Allah ya ɗauka hujja ce ta ɗaure su. Yakan shigo shagona da rana ya zauna a kan kwandon kaya, ya ce in dubi malamin makarantar nan mai tabarau, karatunsa ya kai inda ya kai, amma bai taɓa musa masa ko sau ɗaya ba. Na ce ya gwada ajiye askar ya sake faɗa masa maganar kifin. Ya dube ni da tausayi, ya ce tururin guga ya dafa mini ƙwaƙwalwa. Ni kaɗai nake masa musu, don ni ta katako nake yi, inda hannunsa ba ya kaiwa. A gida kuma matarsa ta samo nata maganin tun suna ango da amarya, sai ta ce masa "to", ta je ta yi abin da ta ga ya dace.

Kada a ɗauka mutum ne mai taurin zuciya. Taurin a baki ya tsaya. Duk wanda ciwo ya kwantar a unguwarmu, Alƙali zai rufe shago ya ɗauki akwatinsa ya je har gadonsa. Zai tallafo kan mara lafiya ya duba ƙeyarsa da kyau, ya ɗaga buroshi ya ce wannan ciwon ba na tafiya ba ne. Wasu sun tashi, wasu Allah ya karɓi abinsa. Amma ban san wanda bai nemi abinci ba ranar da Alƙali ya ziyarce shi. Akwai lokacin da mutum ba ya neman mai ilimi, mai tabbaci yake nema, ko da tabbacin na bogi ne.

Lokacin da matata ta rasu na rufe shago na shige ɗaki, ban san rana ta fito ko ta faɗi ba. 'Yan'uwa sun yi lallashi sun gaji. Shi bai lallashe ni ba. Ya turo ƙofa, ya buɗe taga, ya ɗaura mini ƙyalle ina zaune a bakin gado. Da askar ta kai maƙogwaro ya sanar da ni cewa gobe zan buɗe shago, domin tawul ɗinsa duk sun yamutse, kuma duk garin nan ba wanda ya iya gugar tawul sai ni. Wa yake gugar tawul? Na ce "uhm". Washegari na buɗe, ya kawo mini su tuli guda, ya tsaya a kaina yana gyara mini yadda zan riƙe dutsen da na tsufa ina riƙewa.

Hukunci ɗaya ne a rayuwarsa ya yanke wanda ba a yi dariyarsa ba, shi ne wanda ya yanke wa ɗansa.

'Ya'ya mata ne suka fara zuwa masa, sai daga ƙarshe Allah ya ba shi namiji, aka yi ta kiransa Auta har sunan ya bi shi. Auta uwarsa ya biyo, mai sanyi ne, magana sai ta kama. A shagon ya girma, ya koyi sana'ar tun daga shara har riƙon aska. Da ya zama saurayi shi kaɗai ne yake taɓa kan ubansa, da almakashi, duk ƙarshen mako. Haɓa dai Alƙali da kansa yake aske ta a gaban madubi. Bai taɓa yarda wani ya kai masa aska wuya ba, ko ɗan cikinsa. Wanzami ba ya son jarfa.

Zamani ya juya, samari suka koma shagunan da ake aski da inji, inda ake yi musu irin gyaran da suke gani a talabijin. Auta ya sayo inji ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Wata rana shago ya cika, wani saurayi ya nemi irin wannan gyaran, Alƙali yana kan wani dattijo, sai Auta ya fito da injin ya yi masa. Askin ya yi kyau, ba ƙarya. Saurayin ya yi ta juya kai a madubi, mutanen benci suka hau yabo, har wani ya ce ɗa ya fi uba. Ina jin komai ta katako. Na san ba injin ne ya yi wa abokina zafi ba, wannan kalmar ce.

Buroshi ya tashi. Ya ce abin da ake yi da inji ba aski ba ne, yankan ciyawa ne. Da ya tsaya a nan da an yi dariya an wuce. Sai ya juya wajen ɗansa, a gaban mutane, ya ce, "Kai kuma ko gashinka ya yi fari kana riƙe da aska, ba za ka zama mai aski ba."

Mutanen benci, saboda sabo, suka ce "uhm".

Auta ya ajiye injin. Ya kakkaɓe ƙyalle ya ninke, ya share gashin da ke ƙasa tsaf, ya mai da injin kwalinsa, ya ce wa ubansa a tashi lafiya. Magana zarar bunu ce. Ba da daɗewa ba ya kama shago a bayan tashar mota, can ɗaya gefen gari.

Ba gaba suka yi ba, Auta ba ɗan da zai yi gaba da ubansa ba ne. Kowane mako yana zuwa gida, ya durƙusa ya gaishe shi, daga baya ma da matarsa da 'ya'yansa yake zuwa. Alƙali yana amsawa, yana ɗora jikoki a cinya yana duba ƙeyarsu. Suna maganar komai, wato shi yana faɗa Auta yana ji, ban da aski. Uba bai taɓa taka shagon ɗa ba, ɗa bai sake taka na uba ba, kuma almakashin ƙarshen mako ya tsaya. Na sha yi masa magana. Ya ce hukunci in an yanke an yanke, in alƙali yana lashe amansa wa zai sake zuwa kotu. Amma ina ganinsa in ya zauna a ƙofa. Duk kan da ya wuce a titi ya san ko aikin Auta ne. Zai bi ƙeyar da ido har ta sha kwana, sannan ya ce "ciyawa", a hankali, ba tare da ya ɗaga buroshi ba.

Kansa kuwa a hannuna ya faɗo. Ni da ban san komai ba sai ƙarin wando, ni nake rage masa suma da almakashi a bayan shago, in na gama kamar ɓeraye sun yi taro a wurin. Yakan duba madubi ya ce wannan shi ne askin da ya fi lafiya, don iska tana samun hanyoyin shiga da yawa.

Shekaru suka tura, sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko ya ce ƙarfen askar yanzu ne ba shi da nauyi. Sai ya ce ƙafar kujera ce ta sassauta. Sai ya ce manyan motoci ne suke girgiza ƙasa. Matarsa ta ja shi asibiti da ƙyar, likita ya ce jininsa ya hau, zuciyarsa ta gaji, ya ajiye aska ya huta. Ya dawo ya ba ni labari cewa likitan yaro ne, kuma da ya juya zai ɗauko abin awo ya ga ƙeyarsa, ba ta masu ƙwarewa ba ce. Abokan cinikinsa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, in za su wuce ta ƙofarsa sai su danna hula har kunne. Shi ma ya daina aske haɓarsa, ya ce gemu kwarjinin dattijo ne, tun da can ya so ya tara. Benci ya zama wurin kwanan kyanwa. Ni kaɗai na rage ina miƙa masa wuya.

Matarsa ta biyo ta shagona wata rana da kayan wanki da na san ba su yi datti ba. Ta ce likita ya gaya mata abin da bai gaya wa mai gidan ba, aski ya zo gaban goshi. Ta ce ba tafiyar ce take tsoro ba, kowa mai tafiya ne. Tsoronta ya tafi da maganar nan bai janye ta ba, yaron ya zauna da ita har nasa tsufan. Ta ce Auta yana da shago, yana da yara masu yi masa aiki, mutane suna bin layi, amma har yau in an kira shi mai aski sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da kayan wani.

Ana gobe zai rasu, da hantsi, na zauna masa kamar yadda na saba. Ya gama kuncina na dama lafiya, yana bayyana mini dalilin da ya sa tsuntsaye ba sa tsufa. Da ya zo ƙarƙashin muƙamuƙi sai na ji zafi ya ratsa ni. Yankan bai yi zurfi ba, amma jini ya sauko ya ɓata ƙyallen. Ya tsaya da aska a hannu yana kallon jinin, sannan ya danna mini auduga, audugar ma tana rawa. Ya ce na motsa.

Na ce ban motsa ba, kuma shi ma ya sani. Na kwance ƙyallen na miƙe, rabin fuskata a aske rabi da kumfa, na ce zan je wurin Auta ya ƙarasa mini. Ya ce zai lalata mini fuska. Na ce ai an riga shi. Ban taɓa gaya masa magana mai nauyin wannan ba, na fita ban waiwaya ba don kada in ga idonsa. Ban kai kwanar layi ba na ji ƙarar kwaɗon ƙofar shagonsa, sai ga shi yana haki a bayana. Ya ce zai bi ni ne a matsayin shaida, don kada gobe in ce bai gargaɗe ni ba.

Shagon Auta mai ƙofar gilashi ne, da fitilu farare, da kujeru uku, samari sun cika benci suna kallon talabijin. A madubi ya hango mu, injin da ke hannunsa ya mutu nan take. Ya zo ya durƙusa. Alƙali ya amsa gaisuwa yana kallon rufi, ya ce ya rako wannan ne kawai. Samari suka matsa masa ya zauna, ya fara aikin yanke hukunci. Hasken ya yi yawa, yana ɓoye kuskure. Madubin ya karkata hagu. Kujerun an yi su ne don kwalliya.

Auta ya zaunar da ni, ya ɗaga audugar ya ga yankan. Bai tambayi wanda ya yi ba. Ya dai dubi hannun ubansa, uban ya tura hannun cikin aljihu. Ina jiran in ji ƙugin inji, sai na ga ya jawo wani aljihun tebur na ƙasa, ya fito da aska mai naɗewa da fatar wasawa. Ya rataya fatar ya fara wasa askar, ja biyu a hankali, ɗaya da sauri. Wannan sautin na san shi ta cikin katako fiye da yadda na san tarin kaina. A benci bayanin madubi ya tsaya a tsakiya.

Ya ƙarasa mini fuska, ban ma ji tafiyar ƙarfen ba. Na tashi. Ya kakkaɓe ƙyallen, ya juya kujerar ta fuskanci benci, ya ce, "Baba, bismilla."

Alƙali ya ce ba abin da ya kawo shi ke nan ba. Sai dai tun shigowarsa yake zargin kujerar nan tana rawa, zai zauna ya tabbatar. Ya zauna. Kafin ya gama tabbatarwa ƙyalle ya hau wuyansa. Auta ya fara da kai, da almakashi kamar da, yana gyara ɓarnar da na shekara ina yi, uban yana ta ba shi umarnin abin da ya riga ya yi. Sannan ya rage gemun, ya ɗora tawul mai zafi, ya shafa kumfa har ƙarƙashin hanci. Idon abokina ya nemo ni a madubi. Na kau da kai na kalli talabijin. Auta ya tura goshinsa baya da yatsa biyu, ya ɗora aska a maƙogwaronsa. Wani daga cikin samarin ya rage sautin talabijin ba tare da an sa shi ba.

A natse Auta ya yi magana, muryarsa ba ta wuce kujerar da bencin ba. Ya ce likitan nan ya san aikinsa, kuma maganin da Inna take tsinta a ƙarƙashin katifa daga yau cikinsa zai riƙa shiga. Alƙali ya ce "uhm". Ya ce injin nan ba ciyawa yake yanka ba, kan bayin Allah ne, da shi yake ciyar da jikokin da ake ɗorawa a cinya. Alƙali ya ce "uhm". Wani saurayi ya toshe bakinsa da hula. Auta ya goge askar a tawul, ya mai da ita.

"Duk kan da na taɓa, Baba, sai na ji muryarka a bayana tana cewa ba zan zama ba. Na gaji da jin ta. Ban ce ka ce ka yi kuskure ba, na san ba ka iya wannan ba. In na gama ka shafa haɓar nan kawai, ka faɗi abin da hannunka ya gaya maka."

Maƙogwaron abokina ya motsa. Auta ya ɗaga askar ya jira ya lafa, sannan ya ci gaba. Da ya gama sai ya goge masa fuska, ya kwance ƙyallen. Ya juya wajen famfon da ke kusurwa, ya buɗe ruwa yana wanke askar, ya ba mu baya.

Alƙali ya fito da hannun nan mai rawa daga aljihu. Ya shafa kunci daga ƙasa zuwa sama. Ya bi ƙarƙashin muƙamuƙi, ya bi gefen leɓe, ya bi bayan kunne, duk wuraren da gashi ke ɓuya wa mai gaggawa. Ya sake bi. Na rantse neman kuskure yake yi da iyakar gaskiyarsa, kuma da ya samu ko sili ɗaya da ya faɗa. Ya daɗe. Sannan ya sauko daga kujera, ya waiga yana neman abin ɗagawa, ya ga buroshin Auta a kan tebur ya ɗauka. Ya fuskanci samarin nan da ba su san ko shi wane ne ba, ya karkatar da kai, ya lumshe ido ɗaya.

"Ku saurara da kyau. A garin nan masu aski biyu ne. Ɗaya ya tsufa."

Ya ajiye buroshin, ya ƙara da cewa madubin dai har yanzu a karkace yake, ya tura ƙofar gilashin ya fita. Na tsaya na ɗan lokaci kafin in bi shi. Ruwa yana ta zuba, Auta bai juyo ba.

A mota bakinsa bai huta ba. Ya gaya mini, ya gaya wa kwandasta, ya gaya wa wata mata mai kwandon kaji, cewa tun yaron nan yana rarrafe ya duba ƙeyarsa ya ce zai fi shi. Na ce yaushe ya faɗa, ban ji ba. Ya ce ta yaya zan ji, mutumin da tururi ya toshe wa kunne. Ya ce maganar da ya yi masa a shago wancan lokacin dabara ce ta horo, manyan masu sana'a duk haka suke yi, kuma ga shi ta yi aiki. Yana magana yana shafa haɓa. Iska tana shigowa ta taga tana taɓa fatar da ta daɗe a rufe, na ga ya lumshe ido kamar yaron da aka yi wa wanka.

Muka sauka, na raka shi har bakin layinsu. Rana ta yi sanyi, ana ta kwashe kaya daga bakin titi. Muka yi sallama, na kama hanyar shago don in kwashe shanya. Na yi 'yar tafiya sai na ji ya kira ni. Yana nan inda na bar shi, hannunsa a haɓa. Na koma. Ya dubi hagu da dama, ya rage murya, abin da ban san ya iya ba.

"Famfon nan yana zuba lokacin da na yi magana. Kana ganin ya ji?"

"Ya ji."

"Ka tabbata, Mai guga?"

"Na ga fuskarsa a madubi, Alƙali. Ya ji."